Ku Tambayi Mai Gyara: Kalmar Sirri, Sabunta Manhaja da Rigakafin Bairos

Wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan yawancinsu daga karkarar Kano da Jigawa suka fito, kuma da na karanta su na lura cewa abu guda ne ya haɗa su: kwamfutar tana hannun mai ita, amma mabuɗinta yana hannun wani, ko dai wanda ya sayar da ita, ko yaron shagon da ya saita ta, ko ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki. Na zaɓi huɗu daga ciki, na taƙaita tambayoyin domin amsoshin su samu wuri.

Tambaya ta farko ta fito ne daga shugaban wata makarantar firamare a ƙaramar hukumar Babura. Ya ce: "Muna da laftof guda ɗaya tak a makaranta, kuma a cikinta sakamakon jarrabawar yara na shekara uku yake. Bayan mun dawo daga hutu sai ta ƙi karɓar kalmar sirrin da muka saba sa mata. Na kai ta wurin wani mai gyara ranar kasuwa, ya ce babu magani sai an yi mata fomatin. Shin da gaske ne sai mun rasa komai?"

Malam, Allah ya ƙara maka haƙuri, kuma ka yi daidai da ba ka amince nan take ba. Fomatin yana nufin goge duk abin da ke cikin rumbun ajiyar kwamfutar a zuba sabuwar Windows, don haka shi ne mataki na ƙarshe, wanda ba a kai wa gare shi sai an kwashe takardun da ke ciki. Masu gyara da yawa suna saurin zuwa can ne domin ya fi musu sauƙi, ba domin babu wata hanya ba.

Kafin komai, ka tabbatar cewa abin da kake dannawa shi ne abin da ke shiga. A cikin akwatin da ake rubuta kalmar sirri akwai wata 'yar alama mai kama da ido a gefen dama, idan ka danne ta za ka ga haruffan da ka rubuta a fili. Sau da yawa a nan ake gano cewa maɓallin Caps Lock yana kunne, duk haruffan sun koma manya, ko kuma Num Lock ya mayar da wasu haruffa lambobi, kamar yadda yake faruwa a ƙananan laftof. Akwai kuma bambancin tsarin madannai na Amurka da na Ingila: idan ka danne Shift tare da lamba 2, tsarin Amurka zai ba ka alamar @, na Ingila kuwa zai ba ka alamar zance. Idan kalmarku tana ɗauke da irin wannan alama kuma wani ya sauya tsarin ba da saninsa ba, za ku yi ta rubuta daidai kwamfutar tana ganin kuskure. Haka nan kada ka manta da ƙura. Laftof ɗin da ta kwana a ofis tsawon hutu, musamman a lokacin hunturu, tana iya samun maɓalli ɗaya ko biyu da suka daina aiki. A kusurwar ƙasa ta dama akwai alamar da ke fito da madannai a kan gilashin, sai ka yi amfani da su ka gwada.

Idan duk wannan bai yi ba, sai ka duba wane irin asusu ne. Idan ka ga adireshin imel a ƙarƙashin sunan mai kwamfutar, to asusun Microsoft ne, kuma ana iya sauya kalmar sirrinsa daga waya ta shafin kamfanin, inda za su aiko da lambobin tabbatarwa zuwa layin waya ko imel ɗin da aka yi rajista da shi. Bayan ka sauya, dole ne ka haɗa laftof ɗin da intanet tun daga wannan fuskar ta kulle, ta hanyar raba mata data daga wayarka, domin in ba haka ba tsohuwar kalmar za ta ci gaba da nema. A nan ne matsalar da na ambata a farko take fitowa: layin wa aka sa? Idan na malamin da aka mayar wata makaranta ne, to sai ka neme shi cikin mutunci ya karanto maka lambobin, sannan ka sauya layin zuwa wanda zai zauna a hannun makaranta.

Idan kuwa babu imel, mai yiwuwa asusu ne na cikin kwamfutar kawai. Tun daga shekarar 2018 Windows 10 take tambayar mai saita irin wannan asusu ya zaɓi tambayoyin tsaro guda uku, kamar garin da aka haife shi ko sunan makarantarsa ta farko. Bayan ka rubuta kalmar da ba daidai ba, rubutu zai bayyana a ƙasa mai cewa Reset password, ka danna shi ka amsa tambayoyin. Haka kuma idan akwai wani asusu na biyu a kwamfutar mai ikon gudanarwa, ana iya shiga ta nan a sauya wa na farkon kalmarsa.

In ma duk ƙofofin nan sun rufe, sakamakon yaranku bai ɓata ba. Mai gyaran da ya san aikinsa zai iya tayar da kwamfutar daga filas, ko ya cire rumbun ya jona shi a wata kwamfutar, ya kwafe maka takardunka kafin ya taɓa komai. Abu ɗaya ne zai iya hana hakan, wato idan an kulle rumbun da tsarin BitLocker, wanda ba ya buɗewa sai da mabuɗi mai lambobi 48, kuma galibi wannan mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara saita na'urar. Ka tsaya a wurin ka ga takardun da idonka a cikin filas ɗinka, ka buɗe biyu ko uku ka tabbatar suna karantuwa, sannan ka ba da izinin fomatin. Ina kuma roƙonka, bayan an gama, a rubuta sabuwar kalmar a takarda, a sa a ambulan, a ajiye tare da rajistar makaranta a inda ake kullewa. Na san akan ce kada a rubuta kalmar sirri, amma ga kayan hukuma da ke wucewa daga hannu zuwa hannu, ambulan a cikin akwati mai kwaɗo ya fi ƙwaƙwalwar mutum ɗaya aminci.

Ta biyu daga wata ɗaliba ce a Sumaila. Ta ce: "Yaron shagon intanet ne ya buɗe min Gmail lokacin rajistar JAMB. Yanzu na manta kalmar sirri, layin da aka sa kuma ya ɓata tare da wayata. Yaya zan yi?"

'Yata, ki fara da layin kafin imel ɗin. Ki je ofishin kamfanin layin da lambarki ta NIN a dawo miki da lambar, kuma kada ki yi jinkiri, domin layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan karɓe shi ya sayar wa wani, daga nan duk saƙon tabbatarwa wurin baƙo zai riƙa zuwa. Wannan ya shafi JAMB ɗin ma kai tsaye, tunda bayananki a wurinsu suna ɗaure da wannan lambar da kuma NIN, wadda hukumar ta wajabta wa masu rajista tun shekarar 2021. Idan layin ya dawo, Google zai aiko miki da lambobi ki sauya kalmar cikin mintuna kaɗan. Idan kuwa aka ce ba da sunanki aka yi rajistar layin ba, sai ki gwada neman asusun daga wata na'ura da kika taɓa shiga da ita, ki rubuta kalmar ƙarshe da kike tunawa ko da ba ki tabbatar da ita ba, domin Google yana la'akari da waɗannan alamu. Da zarar kin shiga, ki duba wurin tsaro na asusun ki cire duk lamba ko imel ɗin da ba naki ba. Lambobin da ake aikowa ta saƙon waya kuwa ba a karanta wa kowa su, ko da ya kira ya ce daga hukuma ko daga banki yake.

Tambaya ta uku ta zo daga wani matashi mai shagon buga takardu da ɗaukar hoton fasfo a yankin Kiru. Ya ce: "Ina da kwamfuta uku, da sola da ƙaramin janareto nake aiki. Duk lokacin da na sa data sai Windows ta shanye ta da sunan ofdet, wani lokacin kuma ta tsaya tana juyawa kwastoma na jira. Sau ɗaya wuta ta ɗauke ana cikin yi, kwamfutar ta ƙi tashi. Ka koya min yadda zan kashe ofdet ɗin nan gaba ɗaya."

Ƙanena, na fahimci zafin da kake ji, domin wanda yake sayen data da kuɗin da ya tara daga buga takarda ɗaya ɗaya ya san darajar kowace megabait. Amma ba zan koya maka kashe shi gaba ɗaya ba, kuma zan faɗa maka dalili. Mafi yawan abin da ke cikin ofdet ɗin nan, wato sabuntawar manhaja, toshe ɓaraka ne, wato kurakuran da aka gano a manhajar waɗanda ɓarayin intanet ke bi su shiga. A watan Mayu na 2017 wani bairos mai suna WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da na asibitoci a Ingila, yana neman kuɗin fansa, alhali tun watan Maris na wannan shekarar Microsoft ya fitar da gyaran ɓarakar da ya bi. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. Shago irin naka, inda filas ɗin mutane daban-daban ke shiga kullum, kuma ake ajiye hotunan katin shaida da takardun makarantar jama'a, ya fi gidan mutum ɗaya buƙatar wannan kariya.

Abin da ya dace shi ne ka karɓi ragamar lokacin. Ka shiga Settings, ka je sashen Network, ka zaɓi layin da kake samun intanet ta kansa, ka kunna abin da aka rubuta Metered connection. Da wannan ka sanar da Windows cewa datarka a ƙidaye take, sai ta daina sauke yawancin manyan kaya da kanta, ko da yake takan sauke 'yan ƙanana masu muhimmanci. Sannan a sashen Windows Update kana iya dakatar da sabuntawa har tsawon mako biyar, kana kuma iya nuna mata sa'o'in aikinka domin kada ta kashe kanta ta sake tashi a tsakiyar ciniki. Microsoft yana fitar da babban gyaran tsaro ne a Talata ta biyu ta kowane wata, saboda haka ka ware dare ɗaya a cikin wannan makon, ka sayi datar dare mai rahusa, ka tabbatar batirin sola ya cika ko akwai mai a janareto, ka yi aikin a lokacin da ka zaɓa. Tunda kwamfutocinka uku ne, ka nemi Delivery Optimization ka ba su izinin karɓar kaya daga juna a cikin shagon, ta yadda abin da ɗaya ta sauke sauran za su iya ɗauka daga wurinta.

Game da wadda ta ƙi tashi, idan Windows ta kasa tashi sau biyu ko uku a jere, takan buɗe wata fuska mai launin shuɗi ta gyara. Daga nan ka bi Troubleshoot, ka shiga Advanced options, ka zaɓi cire sabuntawar ƙarshe, sau da yawa wannan kaɗai yana dawo da ita ba tare da ka rasa komai ba. Idan kwamfutar tebur ce, ƙaramin UPS, wato akwatin batirin da zai riƙe ta na 'yan mintuna idan wuta ta ɗauke, ya cancanci kuɗinsa.

Bari in ƙara wani abu da masu gyara ke yawan tsallakewa. Kwamfutocin gwanjo da muke saya sun yi shekaru, kuma a cikinsu akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, galibi samfurin CR2032, wanda ke riƙe kwanan wata idan an kashe na'ura. Idan ya mutu, agogon yakan koma shekarun baya, daga nan sabuntawa ta riƙa faɗuwa, shafukan intanet su riƙa cewa babu tsaro, mutum ya ɗauka bairos ne. Ka dubi kwanan watan da ke kusurwar ƙasa kafin ka kashe kuɗi a kan wani abu.

Akwai kuma gaskiyar da ba zan ɓoye maka ba. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 7 tun ranar 14 ga Janairu, 2020, Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 tana buƙatar wani ɓangaren tsaro da ake kira TPM 2.0, da aƙalla gigabait 4 na ƙwaƙwalwar aiki da gigabait 64 na rumbu, kuma tsofaffin injina da yawa ba su cika sharuɗɗanta ba. Idan cikin ukun akwai wadda ta cika, ita za ka mayar ta shiga intanet da yin rajistar mutane, tsofaffin kuma ka bar su ga buga rubutu da firinta. Duk ranar da za ka je Kano sayen wata, ka tambayi mai sayarwa wannan magana kafin ku yi ciniki, ka kuma sa ya cire asusunsa da duk wata kalmar sirri a gabanka, har da ta BIOS da ke fitowa kafin Windows ta tashi.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce mai riƙe da lissafin ƙungiyar mata masu sarrafa gyaɗa a yankin Jahun. Ta ce: "Na kai filas ɗina shago an buga min takarda, da na dawo sai na ga duk fayilolina sun koma wasu 'yan alamu masu kibiya, ba sa buɗewa. Ɗana ya sa min antibairos har guda uku, amma kwamfutar ta ƙara nauyi, kuma kullum sai wani saƙo ya fito yana cewa an kama bairos, in biya kuɗi a cire."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, lissafinku yana nan. Wannan bairos ɗin sananne ne a duk inda ake yawo da filas daga shago zuwa shago, kuma aikinsa shi ne ya ɓoye ainihin fayilolin ya ajiye na bogi masu kibiya a madadinsu, domin duk wanda ya danna ɗaya ya shigar da shi cikin kwamfutarsa. Saboda haka kada ki ƙara danna su, kada kuma ki bari a yi wa filas ɗin fomatin.

A fara da tsabtace kwamfutar kanta, domin idan bairos ɗin yana cikinta, duk filas ɗin da aka wanke zai sake kamuwa da zarar an jona shi. Antibairos uku a na'ura ɗaya ba ƙarin tsaro ba ne, kowanne yana son ya riƙa binciken duk fayil ɗin da aka buɗe, sai su riƙa karo da juna, su cinye ƙarfin injin, wani ma ya ɗauki ɗan'uwansa a matsayin maƙiyi. Wanda wa'adinsa ya ƙare kuwa ya daina karɓar bayanan sababbin bairos, ya zama mai gadin da bai san fuskar ɓarayin bana ba. Ki sa ɗanki ya cire dukkansu ta sashen Apps, ya kashe kwamfutar ya kunna, sannan ya buɗe Windows Security ya tabbatar Microsoft Defender ya dawo aiki. Wannan yana zuwa ne tare da Windows 10 da 11 kyauta, yakan ja baya idan aka sa wani, kuma a ganina ya ishi irin aikinku matuƙar ana ba shi data lokaci lokaci ya sabunta kansa. Bayan ya sabunta, a zaɓi binciken da aka rubuta Offline scan, wanda ke kashe kwamfutar ya bincike ta kafin Windows ta gama tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba.

Saƙon da ke neman kuɗi kuwa, a mafi yawan lokuta ba daga antibairos yake ba. Wani shafin intanet ne aka taɓa danna masa Allow, ya samu izinin turo sanarwa, yake shigar burtu da sunan kamfanin tsaro domin ya tsorata ki. Kada ki biya, kada ki kira lambar da ya nuna, kada ki sa lambar katin bankin ƙungiya. A buɗe saitin Chrome, a shiga sashen sanarwa na shafuka, a goge duk sunan da ba ku sani ba. Ki kuma ja kunnen yaron a kan sauke wasanni da manhajojin da aka fasa domin a samu kyauta, tunda ta wannan hanya irin waɗannan abubuwa suka fi shigowa.

Idan kwamfutar ta tsabtata, sai a jona filas ɗin a bincike shi da Defender, a lura da harafin da kwamfutar ta ba shi, misali E. Daga nan a buɗe Command Prompt, wato baƙin allon da ake rubuta wa Windows umarni, a rubuta wannan layi daidai yadda yake, tare da tazarar da ke tsakani, sai dai a sa harafin filas ɗin a madadin E idan ya bambanta: attrib -h -r -s /s /d E:\*.* sannan a danna Enter. Wannan umarni yana cire lulluɓin da aka yi wa fayilolin, za ki ga sun bayyana, wani lokacin a cikin wata jaka marar suna. Ki kwashe su zuwa kwamfutar, ki buɗe lissafin ki tabbatar ya cika, sai a lokacin ne za a yi wa filas ɗin fomatin. Daga yau ki ware filas biyu, ɗaya na zuwa shago wanda ba ya ɗauke da komai sai takardar da za a buga a ranar, ɗaya kuma na ajiyar lissafin ƙungiya wanda ba ya barin gida. Idan mai shagon yana da WhatsApp, ki tura masa takardar ta waya ya buga, filas ɗinki bai ma shiga injinsa ba.